Madacin da Aka Ɗaure da Roba

Shekara talatin da ɗaya Mai Faci ya yi a gefen yamma na babban titin garin, zaune a kan tsohuwar kujerar mota da ya ciro daga wata akwala, fuskarsa tana kallon kwalta. Aikin ne ya gaji haka. Mai faci ba ya juya wa titi baya, domin daga yadda mota take tahowa yake gane wadda tayarta ta yi sanyi, tun kafin direban ya ankara. Sai dai duk wanda ya kalli titi daga yamma, dole idonsa ya tsallaka ya sauka a gabas. A gabas ɗin kuwa, daidai saitinsa, shagon ƙanensa yake.

Uwa ɗaya uba ɗaya suke, shekara huɗu ce tsakaninsu. Da ciwo ya kwantar da mahaifinsu, babban aka cire daga aji huɗu aka kai shi koyon faci, ƙaramin aka bari ya gama makaranta. Har gobe Ƙarami kowa yake ce masa, ko da yake furfura ta cinye masa gemu. Hannun Mai Faci ya yi kanta, baƙin taya ya shige layukan tafinsa ya zauna, sabulu ya yi iya yinsa ya haƙura. Hannun Ƙarami kuwa sumul, kamar bai taɓa ɗaga abin da ya fi kwalin madara nauyi ba. Ga shi mutum ne da komai yake karɓarsa. In ya sayi kaza ɗaya, kafin shekara ta zagayo gidansa ya cika da 'yan tsaki. In ya sha mangwaro ya jefar da ƙwallon a bayan shago, baɗi sai ka ga ya tsiro. Bai taɓa yi wa yayansa laifi ba, ko ɗaga murya. Wannan ne ma ya fi ci wa Mai Faci rai, don ba ka da inda za ka kai ƙarar mutumin da kullum da safe yake tsallako titi ya rusuna ya gaishe ka.

Can baya, lokacin da duk motar da za ta kudu ko arewa dole ta ratsa garin, Mai Faci ba ya samun sararin kishi sai ya tashi daga aiki. Tireloli jere har ƙarshen gari, injin iskarsa yana kuka tun safe, ruwan bahon da yake nutsa roba don neman huji ba ya samun kwanciya. Akwai direbobin da sukan lallaɓo da taya mai yoyo tafiyar awa biyu, don kawai shi suke so ya taɓa ta. Sannan aka yi sabuwar hanya ta bayan gari. Cikin shekara biyu gidan mai ya rufe, aka lulluɓe famfunansa da buhuna. Masu abinci suka bi motoci. Masaukin baƙi ya koma ɗakin ajiye taki. Itatuwan bakin titi dama an sare su tun lokacin da aka faɗaɗa kwaltar, sai garin ya zama fetal, rana tana dukan kwanon shagunan da aka garƙame. Akwai wani jan kare da ya mayar da tsakiyar titi wurin barcinsa, kuma ba a taɓa jin an yi masa hon ba. Mai Faci ya koma facin keke da baro. Ƙarami shi ma ciniki ya ja baya, amma mutanen gari ba su daina sayen gishiri da ashana ba. Yanzu Mai Faci yana da yini guda cur na kallon gabas.

Abu ɗaya yake da shi wanda Ƙarami ba shi da irinsa: 'yarsa ta uku, wadda yake kira Uwata, ita ce ta fara zuwa jami'a a duk danginsu. Amma ko a nan ɗin ma akwai abin da yake sukarsa. Tun tana firamare a shagon baffanta take aikin makaranta, don can akwai tebur da fitila mai haske. Ranar da takardar samun gurbinta ta zo, shagon ta fara biyawa Ƙarami ya karanta, sannan suka tsallako tare suna dariya su gaya masa. Ya yi murna, har ya share hawaye da bayan hannu. Amma bai manta cewa shi ne na biyu da ya ji ba.

Tsara filaye da shuke-shuke ta karanta, abin da uban bai taɓa iya bayyana wa kowa ba. “Ita ce take gaya wa itace inda zai tsaya,” haka yake cewa. Mutanen gari suka hutar da kansu suka sa mata Injiniya.

Wata takwas tana gida ba aiki, sai ƙungiyar ci gaban gari ta ba ta damarta ta farko. A wani aji na makarantar firamare ta warware zanenta a jikin allo, Ciyaman, shugaban ƙungiyar, ya riƙe mata gefe ɗaya. Bayaninta ba shi da wuya. A sabuwar hanya an hana manyan motoci tsayawa, kuma babu inuwa ko ta tsuntsu. Direba mutum ne, yana son ya miƙe ƙafa, ya wanke fuska, ya ci abinci. In aka jera itatuwan madaci a gefen titin nan biyu, aka gyara magudanar ruwa, aka yi fili mai tsakuwa da bencuna da famfo inda tirela goma za su tsaya, ratsen kilomita biyu ba zai gagare su ba. Matsalar ɗaya ce: fili guda kawai za a iya yi, ko a gabas ko a yamma.

Nan ajin ya kaure. Tela, mutumin yamma, ya ce gabas kwari ne, ruwa yana kwanciya. Mai aski, mutumin gabas, ya ce yamma ba ta da komai sai ƙuda da tsofaffin tayoyi. Ciyaman ya yi ta buga tebur da rula har aka yi shiru.

“To ku saurara. Madaci arba'in za a dasa a daminar nan, ashirin gabas, ashirin yamma. In rani ya ƙare mu bi mu ƙirga. Gefen da ya fi raya nasa, shi ke da fili. Na gama magana, ni yunwa nake ji.”

Mutanen gabas suka ɗora wa Ƙarami kula da nasu. Na yamma suka dubi Mai Faci. Ya san abin da ke ciki sarai. In fili ya zo yamma, injin iskarsa zai sake kuka. In ya tafi gabas, ba direban da zai gunguro taya ya tsallako titi, wani mai facin zai kafa rumfa a can, shi kuma sai ya tattara. Akwai kuma abin da bai faɗa wa kowa ba: wannan ne karo na farko a rayuwarsu da aka ba shi da Ƙarami abu iri ɗaya, adadi ɗaya, rana ɗaya.

Babban abokin gaban dashe a garin akuya ce. Ƙarami ya sa aka saro sanduna da ƙaya, ya saƙa wa kowane dashe keji, wasu a karkace, wasu kamar an yi faɗa a kansu. Mai Faci ya kalla ya yi murmushi. A bayan rumfarsa akwai tsaunin tayoyi na shekara talatin da ɗaya, waɗanda matarsa ta gaji da cewa ya ƙone. Ya gunguro tamanin. Kowane madaci ya jera masa huɗu, ɗaya bisa ɗaya, ya ɗaure su da waya tamau, ya zamana kan dashen ne kawai yake leƙowa. Suka jeru baƙaƙe, tsayi ɗaya, kamar sojoji. Ranar har mutanen gabas sai da suka tsallako kallo, abin da ba a taɓa yi ba. Garin jera na ƙarshe, wanda ke gaban rumfarsa, taya ta suɓuce ta tsage ƙaramin jikin dashen. Ya yanko siririyar jar roba ta cikin taya, ya naɗe tsagar a hankali, ya yi irin ƙullin da shi kaɗai yake yi a garin.

Duk mako Injiniya takan zo da ma'auni da ɗan littafinta. Takan auna na yamma shiru, tana cizon murfin biro, sannan ta tsallaka ta auna na gabas, ta zauna a bencin baffanta suna hira. Uban yana ganin bakinsu yana motsi, ba ya jin abin da suke cewa. Wata rana bayan ɗaukewar ruwa ta tsaya a gabansa tana murza yatsu.

“Baba, tayoyin nan. Da za a rage su su koma ɗaya-ɗaya, a sa sanduna daga sama.”

“Akuya ta taɓa ko ganye ɗaya?”

“A'a, Baba. Amma in zafi ya shigo, baƙin abu yana tara…”

“Baffanki ne ya aiko ki?”

“Wallahi ba shi ba ne. To ko farar ƙasa a shafa musu.”

Ya ɗaga ido ya dubi tsallake. Ƙarami ya kewaye kejinsa da duwatsu, ya shafe su da farar ƙasa fes.

“Wato in yi kwalliya irin tasa. Uwata, taya ni na san ta. Tun ba a haife ki ba nake cikinta.”

Ba ta taɓa yi masa musu ba tunda take, kuma ba ta san ta inda ake farawa ba. Ta ce to, ta tafi. Ba ta sake tayar da maganar ba, kuma wannan shirun ne take ta juyawa a ranta har yau.

Duk tsawon sanyi yamma ce a gaba. Akuyoyi sun ci biyu a gabas, a yamma kuwa ko ɗaya. Mai Faci har ƙiba ya yi. Sannan zafi ya shigo. Ganyen madacinsa suka fara ƙonewa daga baki-baki, suna nannaɗewa kamar takardar da aka kai kusa da wuta. Ya ninka ruwa. Yakan tura jarkoki shida a baro daga rijiyar ƙarshen gari, safe da rana da yamma, ya tsaya ya kwarara ta saman tayoyin, har bayansa ya riƙe. Ƙarami kuwa sau ɗaya yake ba nasa ruwa, da yamma, da 'yar buta, yana waƙa ƙasa-ƙasa. Nasa kore shar.

Mai Faci ya yi ta lissafi a kan kujerarsa, kullum amsa ɗaya take fito masa: an tsince dashen tun farko. Masu kyau aka kai gabas. Kuma wa ya raba dashen in ba 'yarsa ba? Ya daina cin abincin kirki. Matarsa ta ajiye masa kwano wata rana, ta tsaya a kansa riƙe da ƙugu.

“Kai dai ka zaɓi ɗaya. Da ƙanenka kake kishi ko da 'yarka? Yarinya ta rame ta zama kamar biron hannunta, ka ƙi amsa gaisuwarta da kyau.”

“Ke ba ki san komai ba.”

“Na san ɗan'uwanka bai hana ka ci ba. Ci.”

Ranar da Ƙarami ya tafi birni saro kaya, shagonsa a kulle, Mai Faci ya jira rana ta take tsaka. Garin ya mutu yadda mutum zai iya haƙa rami a bakin babban titi da tsakar rana ba mai ganinsa sai jan kare. Ya ɗauki shebur da baro ya tsallaka. Ya kwance kejin da ke gaban shagon, ya haƙo madacin da ya fi kowanne kyau, har da ƙasarsa, ya dasa nasa mai ciwo na gaban rumfarsa a gurbin, ya mayar da keji da duwatsu yadda suke. Na Ƙarami ya kawo shi gaban rumfarsa, ya jera masa taya huɗu. Gumi yana ta zuba masa. A ransa ba sata ya yi ba, gwaji ne, zai nuna wa kowa gaskiya. Sai da ya zauna numfashinsa ya dawo, sannan ya tuna da jar robar. Tana can a jikin dashen.

Da yamma Ƙarami ya dawo, ya sauke kaya, ya ɗauko butarsa. Da ya zo kan dashen gaban shagon ya tsaya. Ya tsuguna, ya daɗe. Mai Faci ya ga hannunsa ya shiga keji ya taɓa robar. Ya jira ya ɗago ya dubi yamma. Bai ɗago ba. Ya shiga shago ya fito da tsohon buhu, ya rufa a saman kejin, ya juye masa ruwan butar duka.

Da safe ya tsallako kamar kullum, ya rusuna.

“Yaya, an tashi lafiya? Ya bayan?”

“Da sauƙi.”

“Allah ya ƙara sauƙi.”

Shi ke nan, ya koma. Da zaginsa ya yi da ya fi masa. Mai Faci ya bi shi da ido yana cewa a ransa, har a haƙuri ma sai ya fi ni.

Cikin kwana goma sha biyu madacin da ya ɗauko ya zubar da ganye. Ya ce cirewar ce ta taɓa shi. Amma a tsallake, cikin kejin nan mai buhu, wanda ya tsage kuma ya ƙone ya fara fitar da sababbin ganye jajaye. Daga kujerarsa yake kallonsu, safe zuwa yamma, kuma ba shi da inda zai juya.

Ranar ƙirge Ciyaman ya makara, ba a fara ba sai da rana ta take. Rabin garin ya biyo baya. Gabas sha bakwai. Yamma huɗu, su ma huɗun waɗanda bangon tsohon gidan mai yake yi wa inuwa ne. Injiniya ta karanta adadin da muryar da da ƙyar ake ji. Tela ya yi tsaki ya juya baya. Nan abin da Mai Faci ya shekara da shekaru yana haɗiyewa ya taso masa gaba ɗaya.

“An yi son kai! Ku tambaye ta wa ya raba dashen! Ku tambaye ta me suke ƙullawa a bencin can duk mako! Dama tun tana ƙarama 'yarsa ce, ni dai haihuwa kawai na yi!”

Littafin ya faɗi daga hannunta. Ba wanda ya sunkuya ya ɗauka. Kowa ya zaci gudu za ta yi. Sai ta tako zuwa jerin tayoyin da ke gaban rumfarsa.

“Baba, don Allah sa hannunka a ciki.”

“Me?”

“Sa hannunka. Har ƙasa.”

Ya dubi mutane, ya naɗe hannun riga, ya zura. Wata takwas yana kwarara ruwa ta sama, bai taɓa sa hannu a ciki da rana ba. Zafin da ya tare shi ya san shi. Zafin tayar tirela ne da ta yi tafiyar yini a kan kwalta, wadda shi da bakinsa ya gaya wa direbobi sau dubu kada su taɓa sai ta huce. Iska ba ta motsi a ciki. Ƙasar gindin dashen ta yi ɗumi kamar tokar murhu. Wayar ɗaurin ta ƙona masa wuyan hannu, bai cire ba. Ya bar hannun a ciki fiye da yadda ake bukata, domin in ya cire dole ya ɗago kai.

Mai aski ya fara cewa, “Ashe dai dafa su ake…”

“Kai, rufe mana baki,” in ji Ƙarami. Ranar ce aka fara jin ya ɗaga murya.

“Sau ɗaya na gaya maka, Baba,” ta ce, hawaye yana zuba. “Da na sake faɗa. Laifina ne, da na sake faɗa.”

Mai Faci ya zare hannunsa. Ya ɗauko filaya ya fara yanke wayoyi. Tayoyi tamanin ya gungura ɗaya bayan ɗaya zuwa bayan rumfa, ya hana kowa sa masa hannu, har ita.

A gabas aka yi filin. Motocin ba su dawo kamar da ba, huɗu ne ko biyar a yini, wata rana bakwai. Amma mai abinci ɗaya ta dawo, kuma jan kare ya sake wurin barci. Mai Faci ya yi wata biyu yana kallon tireloli suna tsayawa a tsallake, injinsa a lulluɓe. Wata safiya Ƙarami ya gama gaisuwa bai tashi ba.

“Yaya, direbobi suna tambayar mai faci. Ciyaman ya ce a nemo wani daga birni, na ce a kan me, muna da wanda ya fi shi. Akwai wuri a gaban shagona, gindin madacin nan.”

“Wanne?”

“Naka mana. Ni ajiya aka ba ni.”

Sai da ya ƙara kwana tara kafin ya ɗora injin iska a baro. Kujerar akwalar ita ce ta ƙarshe. Ya kafa ta tana kallon titi, yadda aikin ya gada, sai ga shi a karo na farko Ƙarami yana bayansa, tsohuwar rumfarsa da madaci huɗu suna gabansa. Inuwar da yake zaune a ciki ba ta fi faifai ba tukuna, sai ya riƙa jan kujerar yana bin ta.

Kwanan baya Injiniya ta zo da ma'auninta. Ta duba jikin itacen, inda jar robar ta fara nutsewa cikin ɓawo.

“Baba, robar nan tana shaƙe shi. A yanke ta.”

“Ita ta riƙe shi.”

“Ta gama aikinta, Baba. A yanke ta.”

Ya dube ta, ya ga yadda ta damƙe littafin da hannu biyu. Ya miƙa hannu ya ɗauko reza.

Yana cikin yankan wani direba ya sauko daga mota, ya dafa itacen ya girgiza shi kaɗan. “Wannan zai yi inuwa. Wa ya dasa shi?”

Mai Faci ya buɗe baki.

“Yayana ne,” in ji Ƙarami daga cikin shago.

Mai Faci ya jefa guntun robar a bahon ruwa, ya jawo tayar direban gabansa. “Ka ji ko,” ya ce ƙasa-ƙasa. “Ko wannan ma sai da ya riga ni faɗa.”